Sunan da Bakina Bai Taɓa Kira Ba

Talata, da hantsi

Alhamdu lillahi. Na yi jika.

Mace ce. Fadila, matar ɗana, ta sauka da asuba a gidan iyayenta a Ƙofar 'Yandaka, lafiya lau ita da ɗiyar. Da matata Suwaiba ta leƙo shago da labarin ina tsakiyar ɗinkin wuyan riga. Na bar allura tsaye cikin yadi, na fito titi da takalmi ƙafa ɗaya. Suwaiba ta ce, "Malam, koma ka ɗauko ɗayan, kada a ce kakan yarinya ya taɓu." Shekara sittin da bakwai ina duniya, sai yau.

Malama Jummai, wadda ta koya mana rubutu a ajin yamma na manya, ta ce mu riƙa rubuta wani abu kullum don kada hannu ya mutu. Shekara huɗu da gama ajin, ban rubuta komai ba sai awon wuya da awon hannu. Yau na sami abin rubutawa.

Uban yarinyar ba ya gari. Yau kwana tara. Ba a shafin yau zan sa wannan ba.

Laraba, bayan la'asar

Na je na gan ta. Na ce wa Alhaji Siddiq, mahaifin Fadila, wucewa nake yi na ce bari in gaisa. Ya ce, "Malam Haruna, daga Ƙofar Kaura wucewa zuwa ina?" Muka yi dariya, ya sa aka fito mani da ita cikin zane.

Ba ta kai nauyin yadi biyar na shadda ba. Kunnenta irin namu ne, a buɗe. Na ce mata, "Amaryata, kin iso lafiya? Kin tarar da angon ya tsufa, sai haƙuri." Ta yamutsa fuska ta yi atishawa.

To, bari in rubuta sau ɗaya, don in ta girma ta karanta da kanta, kada a ba ta labari a karkace. Ɗanliti, ɗana na fari, direban tanka ne. Kamfaninsu na kai ruwa sansanin rundunar haɗin gwiwa a ƙetaren iyaka, inda ƙasashe huɗu suka haɗa sojoji. Masu bindiga suka tare ayarin a hanya, suka shiga daji da mutum goma sha ɗaya: Turawa injiniyoyi biyu, sojojin maƙwabta huɗu, direbobinmu biyar. Shi ke nan. Na rubuta.

Mutane na ta zuwa ƙofar shago da sanyin murya, wai jaje. Na ajiye goro a faranti. Duk wanda ya fara "Ashe abin da ya faru ke nan," sai in miƙa mashi goro in ce ya yi ɓatan gida, nan barka ake yi.

Alhamis, bayan azahar

An buɗe wani ofishi a GRA don iyalan direbobin. Saje Istifanus ya kai ni a babur ɗinsa. Shi ne mijin Malama Jummai, tsohon soja, katangarmu ɗaya shekara ashirin da biyu.

Wani matashin jami'i ya miƙo takarda, ya dubi furfurata ya ce, "Baba, kawo in cika maka, sai ka dangwala yatsa." Na zaro birona daga aljihu. Na ce, "Yaro, ajiye tawadarka." Na cika da hannuna, layi bayan layi, yana kallo. Wurin sunan wanda aka kama na rubuta Ɗanliti Haruna, da ƙugiyar da Malama ta koya mana a kan harafin farko.

Ya ce, "Haka yake a katinsa?"

Na ce, "Ni na haife shi ko kati?"

Ya buga hatimi.

A hanya Saje ya rage gudu ya juyo. "Malam Haruna, da ka sa wancan sunan. Soja ba ya sanin sunan gida."

Na ce ya dubi gabansa. Saje ya daɗe a cikinmu, amma akwai abin da har yanzu yake ɗauka wasa ne. Yaron nan ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi, Allah Ya jiƙansa. Shekara talatin da huɗu bakina bai kira sunan nan ba, bakin uwarsa ma haka, matarsa kuwa ba a magana. Ranar Litinin aka haife shi, muka ce Ɗanliti, duk unguwa ta bi. Ƙasar da ke da jiragen yaƙi da bataliya bataliya ba za ta kasa gane ɗana ba don na kira shi yadda nake kiransa.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Gardama a ƙofar shago, rediyo a kan benci.

Alhaji Siddiq ya ce mu daina yaudarar kanmu, in ba Turawa sun ba da jiragensu marasa matuƙi ba, ko hanyar dajin ba za mu gani ba. Na ce ƙarya ne. Na ce ƙasar nan ta sha tura sojoji ta kashe wutar gidan wasu, yau za a ce ba ta iya ɗauko direba biyar? Ya ce wancan zamani daban. Na ce zamanin ne ya tsufa ko ku ne kuka karaya?

Saje yana gefe yana ɓare gyaɗa. Muka ce ya raba mu, tunda shi ya taɓa sa kaki. Ya ce, "Na yi aiki ƙarƙashin tuta uku a ƙasar waje. Ranar fareti duk 'yan'uwa ne, har hula muke musanya. Ranar da aka kawo masu rauni, kowane kwamanda tutar da ke kafaɗa yake dubawa kafin ya dubi raunin."

Alhaji ya ce, "Ka ji ko?" Na ce ni ma ai abin da nake faɗi ke nan, mu dubi namu. Kowa ya tashi yana ganin shi ya yi nasara.

Na yanka ɗan ƙyallen farin boyel da ya rage, zan yi wa amaryata riga.

Lahadi, da safe

An saki Turawan biyu. Jirgi ya zo takanas ya ɗauke su. Rediyo ya ce nasara ce ta ƙawance.

Hannun rigar ya yi mata tsawo. Zan rage.

Litinin, bayan la'asar

Alhaji Siddiq ya zo da kansa, ya zauna ya yi ta gaisuwa har na gane akwai magana. Wai ko a ɗage suna har uban ya dawo, ko a yi shiru shiru cikin zaure, mutum biyar, ba rago ba taro.

Na ce, "Alhaji, mutanen can sun riƙe mani ɗa. Ban ba su jikata ba. Ba su za su faɗa mani ranar da zan yi suna a cikin Katsina ba."

Ya ce mutane za su yi magana. Na ce su zo su ci nama su yi maganar da ƙarfi.

Ragon yana ɗaure a tsakar gida, ya riga ya cinye wa Suwaiba rabin zogale.

Talata, bayan azahar

An yi suna. Safiya.

Ban taɓa ganin ƙofar gidan Alhaji ta cika haka ba. Tabarmi suka ƙare, aka aro na masallaci. Saje ya zo da babbar rigar da na ɗinka mashi bara, shi ya tsaya kan masu fiɗa kamar yana fareti. Iyalan sauran direbobin biyu da ke cikin gari su ma sun zo, ni na aika masu.

Da liman ya zo sanarwa ya ce an sa wa ɗiyar wane suna Safiya, ya ambaci uban da cikakken sunansa. Na dubi takalmina har aka shafa fatiha.

Rigar ta zauna mata cif. Na ɗauke ta na ce, "Kin ga taron da na tara maki? Wane ango ne zai yi maki haka?" Mata suka yi ta guɗa daga ciki. An ce Fadila ta ci abinci sosai yau, karo na farko.

Na yi murna. Duk wanda ya ce ban yi ba, ya zo ya karanta nan.

Alhamis, da hantsi

Shekaranjiya maƙwabta suka karɓi sojojinsu huɗu. Ta wace hanya, ba a faɗa ba. Washegari biyu daga cikin ƙasashen suka ce sun janye daga rundunar, wai za su sake nazari. Saura namu biyar a daji.

Alhaji ya bugo waya ya ce, "Ka ga abin da nake gaya maka? An bar mu mu kaɗai." Na ce gara haka. Yanzu babu wanda za mu jira, babu wanda za mu ɗora wa laifi. Mu ɗauko namu da hannunmu.

Na je na ga Safiya. Ta riƙe mani yatsa ta ƙi saki.

Asabar, ƙarfe huɗu

Rediyo ya ce wasu dattawa masu shiga tsakani sun gana da mutanen dajin, an amince a saki direbobin da aka tantance. Aka karanta suna huɗu. Na ƙara murya. Aka wuce labarin wasanni.

Na biyar, wai ana kan bincike.

Asabar, bayan magariba

Saje ya leƙo ta katanga, ya dube ni, ya koma.

Ba laifina ba ne.

Lahadi

Ban buɗe shago ba. Suwaiba ta ɗora tuwo ta manta da shi ya kama. Ta tambaye ni me na rubuta a takardar nan ranar Alhamis. Na ce abin da ya kamata. Ta daɗe tana kallona.

Ba laifina ba ne. Mutanen ofishin suna da kwamfuta, suna da hoto.

Litinin, bayan la'asar

Mun koma GRA. Wannan karon wata babbar jami'a ce ta shigar da mu ciki, ta rufe ƙofa, ta gaishe ni har da tambayar mai jego. Sannan ta ajiye takarda biyu a gabana, tawa da ta kamfani.

Ta ce dattawan sun tafi daji da takardar iyalai, don mutanen can ba su yarda da takardar hukuma ba. Da aka kira Ɗanliti Haruna, ɗana ya amsa. Amma katin da suka cire daga aljihunsa tun ranar farko wani suna ke jiki. Sai suka ce mutum mai suna biyu ba direba ba ne, soja ne aka ɓoye cikin direbobi don leƙen asiri. Sun ware shi daga sauran. Sun ɗaure shi daban.

Na tambayi abin da suke yi wa wanda suka ce ɗan leƙen asiri ne. Ta dubi Saje. Saje ya dubi taga.

Ta ce dattawan za su koma jibi Laraba da azahar. Sun ce abu ɗaya zai yi aiki: muryar uban, da Hausa, yana faɗin sunan da ke katin da bakinsa, yana bayyana dalilin ɗayan. Na ce liman ya faɗa, shi ya raɗa mashi. Ta ce uba suka ce. Na ce to kawo.

Ta kunna waya ta ajiye gaban bakina. Na yi sallama, na faɗi sunana da sana'ata. Na ce, "Wanda kuke riƙe da shi ɗana ne, sunansa..." Sai na ji bakina ya ce Ɗanliti. Ta goge. Muka sake. Na iso wurin, harshena ya yi nauyi, na ga fuskar mahaifina zaune bakin keken ɗinki kamar jiya. Na uku ko sallamar ban gama ba.

Wallahi ba ƙi na yi ba. Ina so a san wannan.

Ta ce, "Baba, je ka huta. Laraba da safe ina nan tun ƙarfe takwas."

A kan babur Saje ya ce, "Ka san abin da ke riƙe runduna? Ba igwa ba ce. Kiran suna ne da safe, a ji kowa ya amsa." Na ce ban tambaye shi ba. Ya ce ya sani.

Talata, da hantsi

Na rufe kaina a shago. Na taka keke da ƙarfi ba zare ba yadi, don ƙararsa ta rufe murya, na gwada. Harafin farko yana fitowa, sauran ya maƙale. Suwaiba ta kawo koko, ta gane abin da nake yi, ta ajiye kwanon ta fita da sauri tana toshe kunne da mayafi. Can sai ta dawo ta tsaya bayan ƙofa. Ta ce, "Malam, ni ba zan iya ba. Kai ka iya. Ka koyi karatu da furfura, wannan ne zai gagare ka?"

Laifina ne. Na rubuta, ga shi nan.

Talata, bayan la'asar

Na tafi Ƙofar 'Yandaka da ƙafa. Ban ce wa Alhaji wucewa nake ba. Na ce a ba ni yarinyar, a bar mu a zaure.

Idonta biyu. Na ce mata, "Amaryata, angonki ya yi ɓarna. Ya je gaban hukuma yana taƙama da biro." Ta yi hamma. Na tuna ranar da aka haife ta an yi mata kiran salla a kunne, an gaya mata sunan Ubangijinta, an gaya mata nata, amma babu wanda ya gaya mata sunan ubanta. Duk gidan nan biyu babu mai iya faɗi a gabanta sai baƙi.

Na kai bakina kunnenta na dama. Na ce, "Safiya, sunan ubanki..." Na faɗa. Ya fito gaba ɗaya, a hankali, kamar zare ya bi ta kafar allura. Na sake faɗa. Rufin zaure bai faɗo ba.

Sai na ji motsi bayan labule. Fadila ce, ta durƙusa, tana kuka tana dariya. Ta ce, "Baba, ashe ka san shi." Na ce, "Ke, tashi ki ba mutane wuri, ni na zaɓa mashi."

Laraba, bayan azahar

Ƙarfe takwas saura muna GRA. Sau ɗaya aka ɗauka. Ga abin da na ce, don kada wani ya ƙara ko ya rage:

"Assalamu alaikum. Ni ne Haruna tela na Ƙofar Kaura cikin Katsina. Wanda kuka ware ɗana ne na fari. Sunansa na yanka shi ne wanda ke katin." Nan na faɗe shi, sau biyu, da ƙarfi. "Sunan mahaifina ne, shi ya sa ban taɓa kira ba sai yau. Ɗanliti ni na laƙaba mashi, ni na rubuta a takarda, kuskuren nawa ne. Bai taɓa riƙe bindiga ba, ruwa yake kaiwa. An yi mashi haihuwa bai gani ba. Ku ma wasu suka haife ku, ku tambaye su yadda suke kiran ɗan fari. Ba roƙonku nake yi ba. Sunan ɗana nake gaya maku."

Jami'ar ta ce ko a yanke maganar ƙarshe, kada ta harzuƙa su. Na ce in an yanke, a goge duka. Saje ya ce, "Hajiya, bar shi. In ya yi laushi da yawa za su ce karanta mashi aka yi." Ta bari.

Dattawan sun tashi da azahar.

Alhamis

Shiru.

Juma'a, bayan masallaci

Shiru. Alhaji Siddiq ya fara maganar jiragen Turawa, ya dubi fuskata, ya koma maganar tsadar taki.

Asabar

Na ɗinka wa Safiya riga ta biyu. Na farke. Na sake ɗinkawa.

Lahadi, da hantsi

Ba zan karɓi jaje ba. Goro na nan a faranti.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya

Waya ta yi ƙara ina cikin sa maɓalli. Lambar ban san ta ba.

"Baba."

Na zauna a ƙasa, nan cikin ƙyallaye.

Su biyar ne, duka. Suna wani asibiti kusa da iyaka, a ɓangarenmu. Ya ce ƙafarsa ta kumbura wurin igiya amma yana takawa. Muryarsa ta shaƙe kamar ta tsoho. Na tambaye shi ya ci abinci, ya ce ya ci. Na ce an yi mashi ɗiya, kunnenta irin namu. Na ji yana jan hanci. Bai tambayi sunanta ba, ni ma ban sa ran zai tambaya ba, ɗiyar fari ce. Na faɗa mashi don kaina.

Sannan ya ce, "Baba, sun kunna mani muryarka. Babbansu ya saurara, ya ce shi ma uwarsa har ta rasu ba ta kira sunansa ba. Ya sa aka kwance ni. Ni kuma na ce su sake kunnawa. Sau uku suka kunna. Ban taɓa ji a bakinka ba. Baba, ka sake faɗa."

Suwaiba na tsaye a kaina, Saje ya leƙo ta katanga.

Na ce, "Kai, Ɗanliti, kada ka saba. Ka dawo gida tukuna."

Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Litinin, bayan la'asar

Rediyo ya ce ƙarfin ƙasa ne ya yi aiki. Wata tashar ta ce matsin lambar ƙawaye ne. Alhaji Siddiq da Saje suna ƙofar shago tun azahar suna ja, kowa da tasharsa. Sun ce in raba su. Na ce ina da aiki.

Safiya, wannan shafin naki ne. In kin girma kin shiga makaranta, ba da furfura irin ta angonki ba, ki buɗe nan. Ga shi da hannun kakanki, na duba sau biyu, babu harafin da ya ɓace:

Nu'uman.

Ki karanta a zuci. Ubanki ne.